Muryar Sallau Ba Riga

Duk wanda ya san kakana Malam Sallau mai shela ya san ba ya shiga ɗaki ya zauna kamar sauran bayin Allah. Sallama zai yi, ya tuɓe takalmi, ya je tsakiyar ɗakin ya tsaya, sai ya tafa hannu, tau! Ya karkata kai, ya lumshe ido ɗaya yana sauraro. In ɗakin ya dawo masa da tafinsa, sai ka ga fuska ta washe, ya ce, "Madalla, wannan ɗaki na da ladabi, yana amsawa." In kuwa shiru ya ji, to mai gida ya shiga uku, don sai ya gaya masa a gaban baƙi cewa ya gina kurman ɗaki.

Ni ma ban tsira ba. Da aka kai ni gidan miji a Funtua, ya hau mashin tun daga ƙauyenmu can bayan Maska ya zo ganin ɗaki. Ga labule har ƙasa, ga kafet, ga kujeru masu laushi, ina ta ƙafafa ina jiran yabo. Ya tsaya ya tafa. Shiru.

Ya ce, "Dije, wa ya rasu?"

Na ce, "Subhanallahi, Tsoho, ba kowa!"

Ya ce, "Ɗakin nan ya rasu. Kun kashe shi da tsumma."

Can ya nemi kama ruwa, aka nuna masa bayi, sabo fil, duk tayil. Muna zaune muka ji tau! Muka ji wani tau! Sai kuma muka ji yana gyaran murya yana sallama ga jama'ar da babu su. Ya fito yana murmushi, ya dubi maigidana ya ce, "Yaro, ka yi ƙoƙari. Amma da ni ne kai, can zan riƙa karɓar baƙi."

To, ku da kuka san shi, ba don dariya kawai na ɗauko zancensa ba. Akwai wata murya tasa guda ɗaya da ta rage a wayata, wadda na yi masa alkawari da bakina zan goge. Ya rasu ban goge ba, kuma duk duniya babu wata irinta. Abin ya daɗe yana cina, ga alkawarin mamaci, ga kewar da ba ta bari in taɓa maɓallin. Bari in ba ku labarin daga tushe, ku ji yadda aka yi na shiga wannan hali, da yadda na fita.

Tun kafin a haife ni Tsoho ke shela. Keke ne da shi, da lasifika ɗaure a gaba, da batir a baya cikin akwatin katako. Akuya ta ɓata, shi ne mai cigiya. Taki ya iso, ɗaurin aure, suna, aikin gayya, rasuwa, duk a bakinsa ake ji. Ranar kasuwa har Mahuta yake kaiwa. Muryarsa a da, in ji manya, in ya ɗaga ta a bakin gari sai mai noma a fadama ya ajiye fartanya. Amma shi bai taɓa gamsuwa da ita haka nan ba. Abin da ya shiga ransa shi ne eko, wannan amon da ke bin murya a baya yana maimaita ta, kamar yadda ake ji a gidan rediyo in za a fara shiri. Kullum maganarsa ita ce, "Murya ba eko, mutum ne ya fita kasuwa ba riga."

Da ya samu rikoda mai kaset, sai ya daina wahalar da maƙogwaro. Ya ɗauki shelar sau ɗaya, ya yi ta zagaye da ita. Matsalar ita ce inda za a ɗauka. Ya gwada randa, ya gwada duro, ya gwada bakin rijiya har Inna, matarsa, wato kakata, ta ce in ya faɗa ita ba za ta yi takaba a kan wauta ba. A ƙarshe ya gano rumbu. Rumbun ƙasa na bayan gida, wanda ake shiga ta sama, in ya zama wayam, wai babu gidan rediyon da ya kai shi.

Shi ya sa duk ƙasar Maska shi kaɗai ne manomin da ke ɗokin rumbunsa ya ƙare. Shekarar da aka yi albarka, dawa ta cika har baki, kowa na hamdala, shi kuwa yana zagaya rumbu yana tsaki. Inna ta ce sai ya bi ta da ido in ta aika a ɗebo tsaba, ya ce, "Rabi, ɗan wannan za a ɗiba? Ba ki da dangi ne masu buƙata?" Mutane suka yi ta yaba kyautar Malam Sallau, wai hannunsa a sake yake. Inna ta ce, "Wace kyauta? Wurin surutu yake sharewa."

Wata bazara, rumbu ya zama fanko, ya ɗauki rikoda ya hau tsani ya zura ciki. Maƙwabci ya zo aron tsani, bai ga kowa ba, ya saɓa abinsa ya tafi. Mata na daka a tsakar gida, sai suka ji wata murya mai kauri na fitowa daga ƙasa ko daga sama, ba su sani ba, tana cewa, "Jama'a-a-a! Ku saurara-a-a!" Kai, ranar an yi gudu! Taɓare a ƙasa, yara a baya, wata ta bar takalmi, wata ta bar ɗankwali. Inna kaɗai ta ci gaba da tankaɗe.

Suka ce, "Inna, aljani a rumbu!"

Ta ce, "Ina ma aljani ne, da an yi masa karatu ya fita. Mijina ne."

Ta bar shi a ciki har ta sauke tuwo, sannan ta aika a karɓo tsani. Aka jawo shi, fari fat da ƙura, ƙaiƙayi har cikin gemu, gwiwa ta ƙi miƙewa. Kowa na jiran ya yi faɗa. Ya kakkaɓe hula ya dubi matan da suka dawo suna haki, ya ce, "Tsakani da Allah, kun ji yadda ta fita?"

Haka aka yi ta tafiya har rikoda ta mutu, kaset ya ɓace a kasuwa, rumbun ma wata damina ta zo ta kwantar da shi. Gwiwa ta hana shi keke sosai, shelar ta koma hannun wani Ɗanlami da Tsoho ya tsana ba gaira ba dalili, wai muryarsa ta zakara mai mura ce. Tsoho ya yi sanyi. Yana nan zaune a ƙofar gida, in Ɗanlami ya wuce da lasifika sai ya juya masa ƙeya.

Ni ce na ta da shi, ban sani ba ko alheri na yi. Ina sayar da turaren wuta da humra, nakan ɗauki ɗan tallana da murya in tura wa mata. Wata ƙawata ta nuna mini wani shafi a intanet, ba sai ka sauke komai a waya ba. Ka buɗe shafin, ka ɗora muryar da ka ɗauka, ka zaɓi irin wurin da kake so a ji kamar a ciki ka yi magana, ƙaramin ɗaki ne, ko babban zaure, ko kogo. Akwai wani ɗan abu da ake ja da yatsa, in ka ja dama eko ya ƙaru, in ka ja hagu ya ragu. Ka saurara, in ta yi maka ka sauke. Da na je gida gaisuwa na ce bari in tsokane shi.

Na ce, "Tsoho, yi mini shela ɗaya in ji ko da saura."

Ya ce, "A ina? A wannan filin? Ke dai ba ki da mutunci."

Na lallashe shi ya yi. Na ɗora, na zaɓi ƙaramin ɗaki, na kunna masa. Ya taɓe baki, wai wannan bokiti ne. Na sa babban zaure. Ya gyara zama. Na sa kogo. Wallahi sai da ya kama hannuna.

"Tsaya! Tsaya nan! Dije, wannan ai rumbuna ne!"

Ya sa na maimaita har batir ya yi ja. Sannan ya rage murya ya tambaye ni, "Ina yake?"

"Me?"

"Rumbun da suke shiga da muryar."

Na ce babu wani rumbu, na'ura ce. Ya dube ni kamar na zage shi. Har ya koma ga Allah bai yarda ba. Shi a wurinsa akwai wani bawan Allah can wata ƙasa mai nisa, da rumbu wayam, yana zaune yana jiran murya ta zo ya shiga da ita ya fito. In shafin ya yi nauyi, sai ya ce, "Bar shi, yana hawa tsani." Wani lokaci har tausayinsa yake ji. "Allah sarki, kullum rumbunsa fanko. Su can ba sa samun damina ne?"

Daga ranar na zama ma'aikaciyarsa ba albashi. Ya karɓi shelarsa daga hannun Ɗanlami da ƙarfin tsiya, aka daidaita a kan shi ke yin murya, Ɗanlami ke tuƙa keke. Rigimarmu kullum a kan ɗan abin nan da ake ja ne. Ni in tsaya a tsakiya, shi ya ce, "Kai shi ƙurya."

"Tsoho, in na kai ƙurya ba wanda zai gane me kake faɗa."

"Za su gane ni ne ke faɗa. Ai shi ne maganar."

Wannan taurin kan ne ya jawo zancen akuyar Hajiya Mairo. Akuyarta ta ɓata, ja mai farin goshi, ta aiko a yi cigiya. Tsoho ya buɗe da salati mai tsawo, ya ja sunanta a hankali, ya kawo bayanin akuya. Ya tsaya a kaina sai da na kai eko ƙurya a kan kogo. Abin da ya fito, ku da kuka ji kun sani. Wani ruri ne mai sa tsikar jiki tashi, salati na bin salati, ba abin da ke fita sai sunan Hajiya Mairo. Ɗanlami ya zaga gari da shi. Tsofaffin mata suka ji salati, suka ji wannan nauyin murya, suka ji suna, ba su tsaya tambaya ba. Kowa ta jawo mayafi.

Hajiya Mairo na zaune tana ɓarar gyaɗa ta ga mata na shigowa layi-layi suna sharar hawaye. Ta farko da ta gan ta da rai ta kurma ihu ta koma da baya. Kafin a gane kan zance har an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun fara zama. Sai ga ta ta taho gidanmu, zane a ɗamare, ni ina ɓoye bayan Inna.

"Sallau! Ka kashe ni da raina! Har an fara tambayar wa zai yi mini wanka!"

Tsoho bai ko motsa ba. Ya ce, "Akuyar fa?"

Ashe cikin masu zuwa gaisuwar akwai wanda ya ga akuyar a gonar waken suya, har ya sa an jawo ta.

Ta ce, "Ta dawo."

Ya ce, "To me kike so kuma? Ga akuya, ga shi kin ga masu ƙaunarki tun kina da rai. Wa ya taɓa samun wannan a garin nan?"

Abin bai tsaya a shela ba. Saƙon murya zuwa ga ɗansa, Kawu Bala da ke Kaduna, sai da eko. Barka da sallah, eko. Neman maganin gwiwa, eko. Kawu Bala ya kira ni yana roƙo, "Dije, don girman Allah ki rage, duk saƙon Baba sai na ji kamar daga lahira ake nemana." In kuma ya kira shi kai tsaye, Tsoho ba ya sakin jiki, sai ya ce a miƙo masa bokitin ƙarfe ya kifa kai ciki tukuna. Inna kuwa ba ta taɓa son abin ba. In na kunna mata sai ta kau da kai ta ce, "Ni kogo na aura? Kashe mini."

Dokarsa guda ce, kuma ba ya wasa da ita. Da zarar an sa eko an sauke, sai a goge ta asalin, wadda yake kira marar riga. Ba ya yarda da "zan goge anjima." Zai sa tabarau ya leƙo, ya ga yatsana ya danna, ya ce in nuna masa wurin da take da, ya tabbata babu. Da ni ina ɗauka cikin rigimarsa ce kawai. Sai daga baya na tuna ranar da abin ya fara.

A farkon lamarin ne, na yi kuskuren kunna masa ta asalin kafin in ɗora. Waya ba ta ƙarya irin ta tsohon kaset. Komai ya fito, rawar da muryar ke yi, numfashin da ke yankewa, iskar da ke bi ta gurbin haƙora. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Wane ne wannan tsohon?"

Na yi dariya na ce, "Kai ne mana, angona."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza carbi. Sannan ya ce a hankali, "A'a. Ni ban san shi ba. Goge shi." Ranar ban ƙara tsokanarsa ba har na tafi.

To kun ga yadda aka yi. Shekarun nan duk na tara muryoyinsa cike da waya, amma kowace tana cikin kogo. Shafin nan kuwa sa eko ya iya, bai iya cirewa ba. Na tambayi masu gyaran waya a Funtua, na tambayi wani mai ɗaukar waƙoƙin biki a Malumfashi, kowa ya ce in an riga an zuba, sai dai haƙuri, kamar gishiri ne a miya. Lokacin ban damu ba. Mai muryar na nan, in ina son ji sai in hau mashin.

Ciwonsa na ƙarshe da damina ya zo, masara ta fara bunni. Na je duba shi wata ranar bayan la'asar, an sha ruwa tun safe. Yana kwance a ɗakin Inna, ya rame, amma idon nan na rigima na nan. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ciro wayar. Akwai shela."

"Ta wa?"

"Tawa."

Na ce, "Haba Tsoho, wace irin magana ce wannan? Ni ba zan ɗauka ba."

Ya ce, "To wa zai yi? Ɗanlami? Shekara nawa ina sanar da mutuwar mutane cikin mutunci, ni kuma a sanar da tawa da muryar zakara? Ɗaga ni."

Na jingina shi da filo. Na danna. Ya gyara hula, kamar mai shirin fita taro, ya ja numfashi ya fara.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, ku saurara. Allah ya yi wa Malam Sallau mai shela rasuwa. Ni ne. Za a yi jana'iza a ƙofar gidansa da ƙarfe..." Ya bar gurbi, ya ce, "Nan Ɗanlami zai cike, kada ya ja." Ya ci gaba. "Duk wanda na ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe mini. Wanda na ce ɗakinsa kurma ne, gaskiya na faɗa, amma ya yafe. Hajiya Mairo, wannan karon da gaske ne, kuma ba ke ba ce. Allah ya sa mu cika da imani."

Ya koma ya kwanta yana haki. Ni kuwa hawaye sun rufe mini ido, na manta ban tsayar da ɗauka ba. Wayar na kan cinyata tana ta aikinta.

Da na farga na tsayar, ya ce, "Sa mata riga in ji." Na buɗe shafin, ya ƙi buɗewa. Ruwan nan ya ɗauke sabis gaba ɗaya. Na fita tsakar gida, na hau turmi, na ɗaga waya sama, ko ɗigo. Na dawo na gaya masa.

Ya ce, "Ruwa ya hana shi hawa tsani. To ji nan. In kin koma Funtua ki sa mata, ki kai ƙurya. Sannan ki goge wannan. Kin yi alkawari?"

"Na yi."

"Faɗi da baki."

"Na yi alkawari zan goge, Tsoho."

Na koma Funtua na kasa ko buɗe ta. Kwana kaɗan bayan nan, da hantsi, Kawu Bala ya kira ni, tun kafin ya yi magana na gane. A kan mashin, muna tsaye a bakin hanya inda sabis ke da ƙarfi, na yanko shelar, na ɗora, na zaɓi kogo. Ban kai ƙurya ba, na tsaya inda za a ji kowace kalma, wannan kam ya yi haƙuri. Da muka isa gida Kawu Bala ya so ya hana, wai mutane za su ce mun mai da mutuwa wasa. Inna ta ce daga cikin ɗaki, "Ku sa masa abinsa. In ba ku sa ba ni zai dama da mita a mafarki."

Ɗanlami ya zaga da ita, yana tuƙi yana kuka. In an zo gurbin sai ya tsayar, ya faɗi lokaci da 'yar muryarsa, bai ja ba, ya sake kunnawa. Kun ga abin da ya faru a gari, ba sai na faɗa ba. Mutum na dariya hawaye na zuba. Hajiya Mairo ta zauna daɓas a ƙofar gidanta tana cewa, "Na yafe, ɗan rigima, na yafe."

Saura gogewa. Na cika rabin alkawari, rabin ya gagare ni. Don da na zo yanko shelar ne na ji abin da wayar ta ɗauka a bayanta, lokacin da na manta ban tsayar ba. Ba shela ba ce, ba Malam Sallau na lasifika ba ne. Kakana ne kawai, da muryar da yake kirana da ita tun ina rarrafe.

Ana jin numfashinsa. Sai ya ce, "Ta fita? Ke Dije, hawayen me? Ji mini yarinya, ai sai ki sa a ce kina sona." Sai ya ɗaga murya, iyakar abin da ya rage masa, "Rabi! Kunun nan fa? Ko sai na mutu za a kawo?" Daga can madafa Inna ta amsa, "To ba ka riga ka sanar ba?" Sai ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma dariya. Nan ta ƙare.

Na yi ta fama. In na tuna yadda ya ce "faɗi da baki," sai in ciro waya in nemo ta, in sa yatsa. Sai in ce bari in ji sau ɗaya na bankwana. In na ji kuma, shi ke nan, sai wani jiƙon. Maigidana ya ce in goge in huta, alkawari alkawari ne, balle na wanda ba zai dawo ya sauƙaƙa miki ba. Na san gaskiya ya faɗa. Amma in na goge, duk abin da ya rage mini na Tsoho amo ne daga cikin kogo, kuma ina kewarsa, wallahi ina kewarsa har cikin ƙashina.

Bayan Inna ta fita takaba na je na same ta tana tsince wake a faranti. Na zauna na kwashe komai na gaya mata, har da alkawarin. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kunna in ji."

Na tsallake shelar, na kunna mata ƙarshen. Da ya ce "Rabi!" hannunta ya tsaya cak a cikin waken. Ta ji amsar da ta ba shi, ta ji dariyar, ta ji tarin. Ta ce in sake. Na sake. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Yauwa. Wannan shi ne mijina. Ina kuka kai shi duk shekarun nan?"

Na ce, "Inna, ya ce in goge."

Ta ce, "Wa ya yi masa alkawari?"

"Ni."

"Ni na yi?"

"A'a."

Ta laluba ƙarƙashin filo ta ciro 'yar wayarta mai maɓallai, wadda aka ɗaure bayanta da roba. Ta miƙo mini. "Zuba mini a nan. Sannan ki goge taki a gabana, kar ki ci amanar mamaci. Ni kuwa, shekara da shekaru yana kafa mini doka ina takawa, ba yau zan fara bi ba."

Na zuba mata a memori. Na koya mata inda za ta danna. Sannan na nemo tawa, na yi bisimilla, na goge, ta leƙo ta tabbata babu. Na yi kuka ranar kamar sabuwar rasuwa, amma na yi barci mai daɗi.

Yanzu muryar na wuri guda a duniya, ƙarƙashin filon Inna. Ta hana a tura wa kowa, har Kawu Bala. Ta ce mai son ji ya zo da ƙafarsa. Shi ya sa kuke yawan ganina a kan hanyar Maska, ko ana ruwa ko ana rana. In na je sai ta ja mini rai tukuna, in yi mata shara, in taya ta tsintar wake, in ci tuwo ko na ƙoshi. Sai ta ga dama ta ciro wayar, ta ce in rufo ƙofa, mu zauna mu biyu mu ji yana neman kununsa.

Allah ya jiƙan Malam Sallau, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sada mu da shi a inda zan ji ya kira ni Dije da bakinsa. Amin.